Makoki Ko Biki?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, na kuwa san in na faɗe ta waɗansu za su ji haushina, har a cikin danginmu. Amma gaskiya ɗaci gare ta, kuma wanda ya ga ana ɓarna ya kama bakinsa, da shi aka yi. Maganar ita ce ta irin hidimar da mu ke yi in an yi mana rasuwa, da irin abin da mu ke zaɓa don tunawa da mamatanmu. Ni dai ba malami ba ne. Na sauke Alƙur'ani a makarantar allo, na ɗan taɓa Ahalari da Ishmawi da Risala a zaure, sa'an nan na yi firamare. Aikina akawu, watau rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Saboda haka ba fatawa zan ba ku ba, lissafi zan yi muku, ku duba da kanku ku gani ko ya fita daidai.

Bari in fara da abin da idona ya gani, gama gani ya kori ji. Shekarun baya wani maƙwabcina tela ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ya bar mata 2 da 'ya'ya 7, babbansu namiji ne ɗan shekara 14. Abin da ya bari na duniya shi ne gidan da su ke ciki, da keken ɗinki, da tumaki 4, da wata 'yar gona a bayan gari. Ya cika da asuba, kafin rana ta take tsaka an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Abin da aka kashe tun daga wanka har zuwa rufewa, watau farin yadi, da sabulu, da turare, da itace, da ɗan abin da aka miƙa wa masu haƙa kabari, duka bai kai kuɗin tunkiya guda ba. Da an tsaya nan, da ban sami abin rubutawa ba.

Da maraice wansa ya iso daga wani gari, Alhaji ne mai rufin asiri, ya karɓi ragamar gida. Da ya ji ni akawu ne, sai ya danƙa mini littafi ya ce in riƙa rubuta abin da a ke kashewa. Aka kafa rumfar haya a ƙofar gida har ta tare hanya, aka jera kujeru. Aka riƙa ɗora tukwane safe da yamma, gama baƙi sun cika gida, waɗansu ma sun zo da 'ya'yansu sun tare. Ran uku aka yanka tunkiya, aka daka gumba, aka toya waina, aka raba goro. Ran bakwai aka sake. Kafin a kwashe rumfa tumakin nan babu ko ɗaya, biyu an yanka, biyu an sayar an auno shinkafa. Da arba'in ta matso sai Alhaji ya ce lalle a yanka sa, a buga kalanda mai hoton marigayi a raba wa jama'a, a kuma sayo bulo da siminti a ɗaure kabarin. Kuɗi babu, sai aka ɗauki keken ɗinki aka kai kasuwa, gona kuwa aka ba da ita jingina.

Na ce masa, "Alhaji, dukiyar nan fa ta yaran nan ce."

Ya dube ni ya ce, "Malam, kai dai rubuta abin da aka sa ka. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. So ka ke a ce mun binne shi kamar baƙon da ba shi da kowa?"

Na yi shiru, na duƙa na rubuta. Wannan shirun shi ne nawa laifin, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Aka yi arba'in, aka ci aka sha, kowa ya ce lalle an kyauta wa mamaci. Kashegari gida ya yi tsit. Ba a yi mako ba sai ga wani ɗan kasuwa ya yi sallama da takardarsa, yana bin marigayi kuɗin yadi da zare. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Uwargida ta aiko yaron nan babba, ya durƙusa ya ce, "Baba, wai in ji Inna, a duba littafin nan ko da sauran wani abu, hatsi ya ƙare." Na buɗe littafi, na duba sama na duba ƙasa, ban ga kome ba sai bashi. Yaron ya riga ya iya taka keke, da an bar masa shi da ya ci da ƙannensa. Kafin shekara ta kewayo an fid da shi daga makaranta, yana turin baro a kasuwa. Kalandar nan kuwa na ga guda a wurin mai tsire, ya naɗe wa wani nama a ciki. Siminti kuma damina biyu ta tsattsaga shi.

To, jama'a, a cikin wannan lissafi me ya isa wurin mamaci? Wa ya ci riba, wa ya faɗi?

Mu fara duba abin da shari'a ta ɗora mana. Haƙƙin mamaci a kan masu rai abu 4 ne: a yi masa wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla, a binne shi. Farilla ce ta kifaya, watau in waɗansu sun yi ta sauka daga kan saura. Babu ɗaya a cikinsu da ke bukatar dukiya mai yawa. Wanka da ruwa ne da ganyen magarya ko sabulu, a sa kafur a na ƙarshe. Salla kabbara 4 ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada. Likkafani farin ƙyalle ne, Annabi kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin fararen tufafi 3 aka sa shi. Mus'abu ɗan Umairu ya tashi cikin daula a Makka, amma da ya yi shahada a Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, ba a sami abin rufe shi ba sai mayafi guda wanda bai kai tsawonsa ba. Aka lulluɓe kansa da shi, aka sa ciyawa a ƙafafunsa. Akwai mai bakin da zai ce an wulakanta Mus'abu?

Sa'an nan mu duba yadda a ke fid da haƙƙoƙi daga tarika, watau abin da mamaci ya bari. Abin a jere ya ke kamar layukan littafin akawu, ba a tsallake ɗaya a faɗa wa na gaba. Da farko a fid da kuɗin jana'iza gwargwadon bukata. Na biyu a biya bashi. Na uku a zartar da wasiyya, in ya yi, muddin ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage shi ne na magada, kowa da rabonsa kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Ku nuna mini inda rumfa ta shiga a wannan jeri, ko sa, ko kalanda. A gidan telan nan, tun da iyayensa sun riga shi, matan su raba sumuni tsakaninsu, watau kashi 1 cikin 8, saura duka na 'ya'ya ne. Wansa ba shi da ko kwabo, gama ɗan'uwa ba ya gado in akwai ɗa namiji. Ashe mutumin da ya fi kowa sakin hannu a makokin nan, da dukiyar da ba shi da rabo a ciki ya yi kyautarsa. Baligi in ya ga dama ya yi sadaka da rabonsa duka, ba mai hana shi. Amma rabon yaro ƙarami amana ce, waliyyinsa ba shi da ikon kyauta da shi ko da da sunan sadaka ne. Aya ta 10 ta wannan sura ta yi kashedi mai tsanani, ta kamanta cin dukiyar maraya bisa zalunci da cusa wuta a ciki. Mu da muka zauna a rumfa muka miƙa hannu cikin tire, sai mu tambayi kanmu abin da muka ci.

Bashi kuwa ba abin wasa ba ne. An ruwaito cewa an kawo wata gawa don Annabi ya sallace ta, da ya ji akwai bashi a kanta, ba ta kuwa bar abin biya ba, sai ya ja da baya ya bar wa sahabbai sallar, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa. An kuma ruwaito cewa ran mumini a rataye ya ke da bashinsa har a biya. In haka ne, mai ƙaunar mamaci da gaske, kafin ya aika a kira mai rumfa sai ya aika a kira mai yadi. Mu kan ji an yi shela a wurin jana'iza, wanda ke bin marigayi bashi ya ga wane. Shela ta yi kyau. Amma sau nawa mai bin bashi ke zuwa ya tarar kuɗinsa sun tafi a tukunya?

Game da abinci ma mun juya al'amarin. Lokacin da labari ya iso Madina cewa Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada a Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya yi umarni a dafa wa iyalin Ja'afaru abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Watau maƙwabta da dangi ke ciyar da gidan mutuwa. Iyayenmu sun san wannan, har yanzu kuwa a unguwanni da yawa za ka ga kwanuka suna shiga gidan makoki daga maƙwabta, Allah ya saka musu da alheri. Amma ga shi a hankali abin yana juyewa, har matar da mijinta ya rasu jiya ita ce yau ke tunanin inda za a samo itacen girkin mutum ɗari. Makoki kwana 3 ne, ban da matar mamaci wadda za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ko kuwa har ta haihu in tana da ciki. Ita ce ta fi kowa bukatar a leƙa ta, ita ce kuma a ke mantawa da zarar an naɗe tabarmi.

Na san abin da za a ce mini, gama an sha faɗa mini a zaure. Wani zai ce, "Kai, sadaka ka ke hanawa? Ashe ba ta isa ga mamaci?" Ko kusa. Sadaka tana isa, addu'a tana isa, ban yi jayayya da wannan ba. Batun ƙayyade rana ta 7 ko ta 40 kuwa, malamai sun yi maganganu a kai, waɗansu sun hana, waɗansu sun sassauta, ni ban isa in raba musu gardama ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi bayanin jana'iza da kaburbura a littafinsa Ihya'us Sunna, mai son zurfafawa ya sami malami ya karanta masa. Tambayata biyu ce tak: da kuɗin wa aka yi sadakar, kuma cikin wa ta shiga? In da kuɗin marayu aka yi, sunan da aka sa mata ba zai wanke ta ba. In kuwa ka duba masu ci, manyan riguna za ka tarar a kan kujeru, an kai musu cinya da hanta da lemon kwalba, almajiri yana bakin rumfa ana kora shi, sai an watse ya sami ƙanzo. Sadakar da mai ƙoshi ya cinye mai yunwa yana kallo, gara a sake mata suna.

Wani zai ce al'ada ce, haka muka tarar. Na yarda mun tarar da gumba da goro. Amma tambayi tsofaffi su gaya maka abin da a ke yi a da: 'yan mudu kaɗan na gero a daka, a raba wa yara da almajirai, a shafa fatiha a tashi. Ba su san rumfar haya ba, ba su san kalanda ba, ba su san sanarwar nan ta jarida da rediyo mai jera sunayen manyan da suka halarta ba. Waɗannan jiya-jiya suka shigo, gasa ce kuwa ta kawo su. Mai kuɗi ya yi don yana da shi, na ƙasa da shi ya kwaikwaya don kada a raina shi, talaka ya ci bashi don kada a yi da shi. Har ta kai a kan ajiye gawa a ɗakin sanyi na asibiti ana jiran wani babba ya sauko daga jirgi, alhali kuwa an umarce mu mu gaggauta ta. Ka kuma ga samari a bakin kabari sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, maimakon su ɗaga hannu su roƙa wa ɗan'uwansu gafara da dacewa wajen tambaya.

Wani zai ce taron nan shi ke riƙe da zumunci, zumunta kuwa a ƙafa ta ke. Gaskiya ne, ban ce kada a zo ba. A zo, a yi gaisuwa, a yi addu'a, a ba da haƙuri, a tashi a ba wani wuri. Wanda ya zo daga nesa har ya zama dole ya kwana, ya taho da guzurinsa, ko ya sauka gidan maƙwabta. Amma in kana son ka san mai zumunci na gaske, ka jira bayan wata 6, ka ga wanda zai dawo ya tambaya ko yaran suna zuwa makaranta, ko rufin ɗakin uwarsu yana yoyo.

In an kawar da waɗannan dalilai duka, saura guda, shi ne kuwa na ainihi: tsoron bakin mutane. Alhajin nan ba mugu ba ne. Yana son ƙanensa, na ga hawayensa da idona. Tsoron "za a ce" shi ya sayar da keken ɗinki. To, su wa za su ce? Mutanen da za su ci su kakkaɓe riga, gobe su tafi wani makokin su gwada naman can da na nan. Babu ɗayansu da zai zo ya auna wa marayu hatsi. Mun ji kunyar baƙo na yini guda, ba mu ji kunyar yaron da zai girma yana kallonmu, ya san abin da muka yi da gadonsa ba.

Yanzu sai batun kabari. Mutum in ya rasa nasa yana son alama, kada wurin ya ɓace masa. Wannan halin ɗan Adam ne, ba abin zargi ba ne, an kuwa ba mu izninsa. Da Usmanu ɗan Maz'unu ya rasu aka binne shi a Baƙi'a, Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa don ya riƙa gane wurin. Dutse guda ya isa. Amma gini a kan kabari da shafe shi, Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, wadda mu ke karantawa a zaurukanmu, ta nuna abin ƙi ne. Ban da maganar littafi ma akwai ta hankali. Maƙabarta ta jama'a ce, garuruwanmu suna cika suna batsewa, filin binnewa yana ƙaranci. Kowane kabari da aka ɗaure da bulo ya ci wurinsa, ya ci na maƙwabcinsa, ya tare hanyar masu ɗauke da makara. Ya kuma shigo da bambanci a wuri guda tak da ya rage mana inda attajiri da matalauci ke kwana daidai.

Kada wani ya zaci girma ke sa a yi gini. Sarki Abdullahi na Saudiyya, duk da arzikin man fetur da ke ƙarƙashin hannunsa, da ya rasu a watan Janairu na 2015, a ranar aka sallace shi aka kai shi maƙabartar Al-Ud ta birnin Riyad, aka sa shi a kabarin da ba gini ba suna. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana kan mulkin Nijeriya ran 5 ga watan Mayu na 2010, kashegari aka kai shi Katsina aka binne shi a maƙabartar Ɗanmarna, cikin 'yan garinsu. Mai gardama zai ce ai ga Hubbaren Shehu a Sakkwato ana ta ziyara. To, Shehu ya rasu a 1817, a cikin gidansa aka binne shi, kuma darajar Shehu ce ta sa aka san Hubbare. Abin da ya raya sunansa littattafansa ne, da almajiransa, da 'ya'yan da ya karantar, irin su Muhammadu Bello, da Nana Asma'u wadda ta riƙa tura mata malamai ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu addini. Mai son ya yi koyi da gidan Shehu, ta wannan ƙofa zai shiga.

To, in ba rumfa ba siminti, da me za mu tuna da namu? An riga an yi mana zaɓi. Hadisi ya nuna aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya 3: sadaka mai gudana, da ilmin da a ke amfani da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ku auna kowane abu da wannan ma'auni. Shinkafar arba'in tana gudana? Kafin la'asar ta ƙare.

Ruwa shi ke gudana. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Annabi sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, har yau da sunansa a ke kiran wurin. Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiyarta ta jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka, ta rasu a 831, ga shi fiye da shekara 1,100 ba a manta da ita ba. Mu ba mu da dukiyar Zubaida. Amma kuɗin sa da rumfa da kalanda, in dangi masu hali suka haɗa daga aljihunsu, zai yashe rijiyar unguwa, ko ya ta da famfon burtsatse da ya lalace aka bar shi, mata da yara suna tafiya mai nisa ɗiban ruwa.

Wanda bai iya wannan ba ya dasa itace. Dalbejiya ko mangwaro, a dasa da farkon damina, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a ba shi ruwa rani biyu, shi ke nan. Mutum ya huta a inuwarsa, tsuntsu ya ci, dabba ta ci, duka lada ne. Wanda ya ga dama ya sayi Alƙur'anai ko benci ya kai Islamiyya. In mamacin malami ne, a fid da littattafansa daga adaka a ba masu karatu, in magada sun yarda, kada a bar wa gara. Mai son ya yi wa kabari hidima ya yi wa maƙabarta duka: a gyara katangar da ta faɗi dabbobi suna shiga, a cike kaburburan da ruwa ya zaizaye, a sayi diga da shebur da makara, a kuma tuna da tsofaffin nan masu haƙa, waɗanda ke aiki rana da ruwa ba mai kula da abin da suka ci.

Abin da ya fi duka kuwa yana nan cikin gida, yana yawo ba takalmi. Ɗan mamaci shi ne abin tunawa da shi wanda ke tafiya da ƙafa. A ciyar da shi, a bar shi a makaranta, a adana masa kayan sana'ar ubansa har ya girma. Da Alhaji ya ɗauki rabin abin da ya kashe ya biya mai yadi, ya bar keke a inda ya ke, da yau akwai tela a gidan nan mai ambaton ubansa bayan kowace salla, yana kuma ci da uwarsa.

Saura magana guda, ita ce ta shiri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kakanninmu su kan sayi likkafaninsu su ajiye a adaka, alhazai su kan tsoma nasu a ruwan Zamzam su taho da shi gida. Mu kuwa yanzu in an ta da zancen mutuwa sai mu ce a bar fatar tsiya, kamar ambatonta ke kiranta. Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci kuka iya karatu da rubutu, ga babban amfanin abin da kuka koya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta ke. Sayi ɗan littafi. A shafi na farko rubuta waɗanda ke bin ka, da nawa su ke bin ka. A na biyu waɗanda ka ke bi. A na uku ajiyar mutane da ke hannunka. A na huɗu abin da ka mallaka, ka ware na matanka da ke haɗe da naka, kamar akuya ko gona, don kada a cuɗe su a raba. A na biyar wasiyyarka, kada ta wuce sulusi, kada kuma ka yi ta ga mai gado. Ka ambaci amintaccen da ka ke so ya riƙe amanar yaranka. Sa'an nan ka rubuta ƙarara cewa makoki kwana 3 ne, kada a taɓa tarika don dafa wa baƙi, kada a yi gini a kabarinka. Ka sa kwanan wata, adalai 2 su sa hannu, ka gaya wa iyalinka inda littafin ya ke, ka riƙa gyara shi in ka biya wani ko ka ci sabon bashi.

Kada ka raina wannan 'yar takarda. Ita ce za ta kare marayunka, ita ce kuma za ta kare ɗan'uwanka daga tsoron bakin mutane. Ran da aka ce masa, "Ina sa? Ina rumfa?" sai ya buɗe littafi ya ce, "Haka marigayi ya rubuta da hannunsa." Ba mai ƙara magana.

Masu unguwa da limamai kuwa, ina roƙonku ku tara jama'a ku ɗaure magana guda, mai kuɗi da talaka kowa ya tsaya a kanta, gama abin da mutum ɗaya ke jin kunyar bari, unguwa duka in ta bari ba kunya. Ku buɗe ɗan asusu na likkafani da kayan haƙa, ku tsara gidajen da za su riƙa kai abinci gidan mutuwa cikin kwanakin nan 3. Kai kuma da za a danƙa wa littafi wata rana a ce ka rubuta, kamar yadda aka danƙa mini, kada ka yi irin shiruna. Ka faɗi gaskiya da ladabi, in an ƙi ji ka ajiye alƙalami.

Ni dai na rubuta nawa littafin, yana cikin akwati, maiɗakina ta san wurin. Yaron nan mai baro kuwa har yanzu in mun gamu a kasuwa ya kan rusuna ya gaishe ni, ni ne ke sunkuyar da kai.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya abin da suka bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, ba haƙƙin kowa a wuyanmu. Haza wasalam.